Sawun Hankaka a Bakin Rijiyar Aduwa Biyu

"To in ba shi ya sa ka ba, wa ya sa ka?" Aghali ya tambaya. Ya ajiye kofin shayinsa a kan tabarma bai kurɓa ba.

"Ba kowa," in ji Baba Jibo. "Ni na sa kaina."

"Sake faɗi in ji. Kunnen nan nawa ya tsufa."

"Kunnenka lafiya lau, Aghali. Akuyarka in ta yi kuka a Tarka kana jin ta daga nan. Na ce alamar da ke bakin rijiyar nan ni na zana ta, da ƙusa, kuma Gwamna bai ce in zana ba."

Ranar kasuwar Belbeji ce, cikin tsakiyar bazara. Muna zaune a rumfar ƙofar gidan Baba Jibo, mijin goggona Halimatu, tsohon mai haƙar rijiya. Aghali kuwa dattijo ne cikin makiyayan da ke arewa da kwarin Tarka, abokin Baba Jibo tun suna samari. Kullum ya shigo kasuwa nan yake ɗaure raƙuminsa, su sha shayi, su yi ta zolayar juna har la'asar. Ranar nan bai zo da zolaya ba. Ya zo ne ya faɗa wa abokinsa cewa yau kwana goma sha ɗaya ke nan da Haris, ɗan tsohon Gwamna Almustafa, ya sa wa rijiyar Aduwa Biyu murfin ƙarfe da kwaɗo. Garken su Haris kaɗai ake buɗe wa.

Aghali ya ja rawaninsa ya rufe baki sosai.

"Shekara ashirin," in ji shi. "Shekara ashirin muna zuwa gidansu muna neman izini. Ubana ya je, ni na je, ɗana ya je. Kai kuma kana nan kana dafa mini shayi."

"Ai ana ba ku izinin, Aghali. Na ga kowa yana sha. Na ce me zan tono?"

Goggo Halimatu ta fito da ƙwaryar fura ta dire a tsakaninsu. "Tono kam ai shi ne sana'arka, Malam," in ji ta. "Ƙasa gaba arba'in ka tone, magana ɗaya ta gagare ka."

Ba wanda ya yi dariya. Ta dubi fuskokinsu, ta koma ciki.

Baba Jibo mutumin Falanko ne, ɗan manoma. Bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Yana da shekara goma sha biyar fari ya kashe musu gero, sai ya bi wani ƙanen uwarsa mai haƙar rijiya. A Damargu ruwa yana da nisa. Akwai rijiyar da raƙumin da ke jan igiya sai ya yi tafiya har ya ƙanƙance a ido kafin wasaki, gugan fata, ya leƙo. Baba Jibo yakan ce in kana can ƙasa ka ɗaga kai, sama duka ba ta wuce bakin tulu ba. Kafin ya shiga sai an zura fitila, in ta mutu a hanya ranar ba aiki. Ya koyi sanin ƙasa da ɗanɗano. Yakan lasa ya ce saura gaba uku, kuma haka ɗin take zama. Daga Ollelewa har iyakar Tarka da wuya ka yi yini kana tafiya ba ka sha ruwan hannunsa ba.

A kusa da Ollelewa ne igiya ta tsinke, guga cike da tsakuwa ya faɗo masa a cinya. Da aka fiddo shi, aka shimfiɗe shi a bakin hanya ana jiran abin hawa. Motoci biyu suka wuce. Ta uku ta tsaya. Mai motar ya fito cikin farar riga, ya duƙa, ya kama shi ta kafaɗa da hannunsa, ya kwantar da shi a kujerar da shi kansa yake zaune, shi kuma ya koma baya wajen kaya har asibitin Tanut. Rigar nan ba ta sake sawuwa ba don jini. Wannan mutumin shi ne Almustafa, a lokacin yana depite, wato ɗan majalisa. Tun daga ranar Baba Jibo yake ɗingishi, kuma tun daga ranar ba a zagin Almustafa a gabansa.

Shi Almustafa a tanti aka haife shi, ba nesa da Belbeji ba. Ubansa makiyayi ne mai shanu daidai gwargwado. Lokacin da aka ce kowace ƙungiya ta ba da yara a kai lakwal, manya suka ɓoye nasu, aka ɗauki ɗan wanda bakinsa bai da ƙarfi. Uwarsa ta yi kuka kamar an kai shi kabari. Ya yi karatu, ya dawo mushen lakwal, wato malami, a Tanut, ya zama shugaban makaranta. Da aka buɗe ƙofar jam'iyyu ya shiga siyasa. Yana jin Hausa, yana jin Tamajak, yana ɗan taɓa Fulatanci, ga faransanci a bakinsa kamar ruwa. In ya sauka a zango yakan cire takalmi ya zauna a ƙasa ya tambayi lafiyar shanu kafin lafiyar mutane, makiyaya kuwa suna son wannan. Sau biyu aka zaɓe shi depite. Daga baya aka naɗa shi gwamnan wata jiha nesa da gida.

Yana kan wannan kujerar ne ya yi ta kai da komowa har aka sa Aduwa Biyu cikin wuraren da gwamnati za ta gina wa rijiyar siminti. Wurin fili ne mai ciyawa mai kyau, amma ba ruwa, sai tabkin da ke ƙafewa da kaka. Rijiyar gwamnati ce, ta kowa da kowa. Almustafa ne kuma ya ce a ba Jibo aikin.

Wata bakwai Baba Jibo da mutanensa suna haƙa suna zura zoben siminti. A gaba arba'in da biyu ruwa ya ɓullo, mai daɗi, mai yawa. Ana gobe bikin buɗewa ya shafe bakin rijiyar da siminti na ƙarshe. Ya tsaya yana kallon aikin, ransa fari. Ya ce a zuciyarsa, mutumin nan ya ba ni kujerarsa ya zauna kan kaya, ni kuwa me na taɓa yi masa? Bai iya rubuta suna ba. Amma ya san alamar da gidansu Almustafa ke yi wa shanunsu da wuta a cinya, don yana yaro garken uban Almustafa ya sha kwana a gonarsu bayan girbi yana zuba taki. Sawun hankaka ne da ɗigo biyu a ƙasa. Sai ya ɗauki ƙusa ya zana ta a ɗanyen simintin, ta gefen gabas, girman tafin hannu.

Washegari motoci suka iso. Ferefe, shugaban gundumar, da ma'aikata suka ga zanen suka ɗauka ado ne. Gwamna ya duƙa ya duba, ya ɗago yana dariya.

"Jibo, rijiya ma lalas ake yi mata kamar saniya?"

Mutanen birni suka bushe da dariya, aka yi tafi, aka yanka rago. Makiyayan da ke tsaye a baya su ba su yi dariya ba. A wajensu alama ba ado ba ce. Abin da ke ɗauke da alamar wani gida, na wannan gidan ne, ko raƙumi ne ko rijiya. Takardar biro, wato ofishin gwamnati, ba su karanta ta, amma wannan kowane yaro yana karantawa tun daga nesa. Uban Aghali ya juya raƙumansa ba su sha ba. Da safe ya tafi gidan su Gwamna ya yi sallama ya nemi izini, yadda ake yi wa mai rijiya. Wan Gwamna, da ke riƙe da gidan, ya ce, "Ku sha, Allah ya sa albarka." Sauran makiyaya suka bi sahu. Haka abin ya zauna. Sunan Aduwa Biyu ya fara ɓacewa, kowa sai Rijiyar Gwamna.

Shekaru suka yi ta wucewa ba a ga illar abin ba, don a al'adar daji mai rijiya ba ya hana baƙo ruwa. Yakan tsara masa rana ne kawai, ya ce kai da hantsi, wane da azahar. Wan Gwamna ya san wannan. Gwamna kuma in ya zo hutu, makiyaya su cika ƙofar gida suna godiyar ruwa, shi kuma yana karɓa.

Wata safiya rediyo ya tashi da kiɗan soja. Mulki ya juya. Aka ɗauki Almustafa daga gidan gwamna, aka tsare shi wata bakwai, aka sake shi ba tare da an ce ga laifinsa ko ga gaskiyarsa ba. Ya sake tsayawa takara sau ɗaya, jam'iyyarsa ta rabu biyu, ya faɗi. Ya dawo Belbeji ya zauna. Wansa ya rasu. Hawan jini ya taɓa masa hannun hagu. Garke ya koma hannun Haris, wanda a birni ya girma, ya kuma haɗa kai da wasu ƴan kasuwa suka ƙaro shanu masu yawa. Takardar rijiyar ba wanda ya san inda take. Bana damina ta yi gardama, tabkuna suka ƙafe tun kafin a gama girbi, dabbobi suka yi ta gangarowa Aduwa Biyu. Sai Haris ya ce ruwan ba zai ishi kowa ba. Da aka yi masa magana, ya kai mutane bakin rijiyar ya nuna musu sawun hankaka da yatsa.

"Yanzu mu da Fulani muna zaune muna hangen rijiyar," Aghali ya ci gaba. "Wadda ke kusa tafiyar kwana biyu ce. Raƙuma za su kai. Shanu ba za su kai ba. Mata suna zuwa da jakuna wata tsohuwar rijiya suna kwaso laka suna tacewa, abin da ake ba maruƙa ke nan. Jiya maraƙi na huɗu ya kwanta."

"Samarinku fa?" Baba Jibo ya tambaya.

"Sun daina magana. Shi ne abin da ya kawo ni. Da suna zage-zage hankalina kwance yake. Yanzu da hantsi sai su zo su zauna a kan tudu, takobi a kan cinya, suna kallon masu gadin Haris suna shayar da shanu. Ba su cewa komai. Masu gadin kuma su uku ne, ɗaya yana da bindiga."

"Me ya hana ku fasa kwaɗon?"

"Kai ma ka sani. Wanda ya fasa abin da ke da alamar wani, ɓarawo ne. Jikokinsa ma da sunan za a kira su. Da wannan muke riƙe yaran. Na ce musu su ba ni zuwa Juma'a. Bayan Juma'a ba ni da bakin da zan riƙe kowa."

Ranar Laraba ce.

Aghali ya ɗauki shayin da ya huce ya shanye. Ya miƙe ya gyara rigarsa. Yana kwance raƙumi ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"A wajenmu alama mutum biyu ne ke da ikon cire ta. Mai ita, ko hannun da ya sa ta. Da rana, a gaban mutane, yana faɗin dalili. In ta fita, kwaɗon nan ƙarfe ne kawai a kan rijiyar gwamnati, ko tsohuwa tana iya sa dutse ta fasa shi. Ni ban ce ka yi komai ba, Jibo. Na dai faɗa maka yadda muke yi."

Ranar Alhamis da hantsi Baba Jibo ya sa rigarsa ta Juma'a ya ce in raka shi gidan Gwamna. Gidan babba ne, fentin jikinsa ya koɗe. Filin da a da motoci ke cika shi yanzu awaki ne ke kwance a ciki. Mun tarar da shi a ƙarƙashin bedi, a kan kujerar roba, rediyo a gefensa, hannun hagu a kan cinya kamar ba nasa ba. Baba Jibo ya cire takalmi tun daga nesa ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe."

"A'a, Jibo sarkin rami. Kana nan? Na ɗauka wata rijiyar ta haɗiye ka. Tashi ka hau tabarma, ƙafar nan ba ta son durƙuso. Ni na san ta, ai ni na ɗauke ta."

"Kai ka ɗauke ta, ranka ya daɗe. Ban manta ba."

Suka gaisa, suka tambayi iyali. Gwamna ya yi ta ba da labari, kamar wanda ya daɗe bai sami mai saurare ba. Ya faɗi yadda ya sa aka gina azuzuwa a ƙauyukan da ba a taɓa ganin allo ba, da shekarar da ya hana a sayar da hatsin agaji har wasu manya suka yi fushi da shi. Ya faɗi ranar da aka zo ɗaukarsa, yadda sojan da ke buɗe masa ƙofar mota kullum shi ne ya ce masa ya cire hula. Baba Jibo yana ta cewa, "Allah Sarki." Sai da maganar ta lafa sannan ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, maganar Aduwa Biyu ce ta kawo ni."

Gwamna ya miƙa hannun dama ya kashe rediyon.

"Na san za ka zo."

"Gobe Juma'a. In ba a buɗe ba, jini zai zuba a bakin ruwan nan. Ni na yi kuskuren, na zana abin da ba a sa ni ba. Roƙona shi ne a sa ka a mota a kai ka can, ka faɗa da bakinka cewa rijiyar ta gwamnati ce. Kalma ɗaya, kowa zai ji."

Gwamna ya juya ya dubi awakin.

"Kana tsammani ban san abin da ka zana ba ranar nan? Ni ɗan tanti ne, Jibo. Ina duƙawa na gane. Na kuma ga uban Aghali ya juya raƙumansa. Simintin ko gama bushewa bai yi ba, da na ce a shafe, da babban yatsa ma an shafe. Sai na yi dariya. Zaɓe yana tafe a lokacin. Kuma abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye maka ba."

"To yanzu fa, ranka ya daɗe?"

"Yanzu? An sauke hotona daga biro. Lakwal ɗin da na gina an shafe sunana an rubuta na wani. Wanda duk ya shigo gidan nan a shekarun nan, ba don na yi gwamna ya shigo ba, don ruwan nan ne. Ita kaɗai ta rage mini. Kana so in hau mota in je in ce wa mutane shekara ashirin ina karɓar godiyar abin da ba nawa ba?"

"Ina so kada a kashe ɗan kowa, ranka ya daɗe."

"Haris ba ya jin maganata. Shanun ma rabinsu ba namu ba ne. In na je na faɗa ya ƙaryata ni a gaban mutane, ya ce tsufa ne, me ya rage?"

Ana cikin haka mota ta shigo filin. Haris ya fito, dogo, da baƙin tabarau, waya a hannu. Ya gai da ubansa a tsaye, sannan ya juyo.

"A'a, Baba Jibo ne da kansa? Jiya an ce mini Aghali ya yini a rumfarka. Shayin naku ya yi daɗi?"

"Shayin talaka ne, Haris. Sukari kaɗan."

"To madalla. Ai kai mai shaida ne, kai ka gina mana rijiyar, kai ka sa mata alamar gidanmu. In an je gaban hukuma kai za mu kira." Ya ɗan yi murmushi. "Ka riƙa zama a gida, Baba. Zafin bana ba na tsofaffi ba ne. Ƙafa ɗaya ta rage maka mai lafiya, a lallaɓa ta."

"Na gode da shawara, ɗana."

Haris ya shige ciki yana amsa waya. Gwamna bai ɗaga kai ba duk tsawon maganar. Baba Jibo ya jira ko zai ce wani abu. Da ya ga shiru, ya yi sallama, ya dafa ƙasa ya miƙe. Mun kusa kai wa takalmanmu sai muka ji muryarsa, ƙasa-ƙasa.

"Jibo."

"Ranka ya daɗe."

"Da me ka ce ka zana ta?"

"Da ƙusa."

"Simintin shekara ashirin ƙusa ba ta cin sa." Ya kunna rediyonsa ya juyar da kai.

Muka kamo hanya ni da Baba Jibo. Da muka isa gida ya cire rigar Juma'ar ya ninke, ya sa tsohuwar taguwarsa ta aiki. Ya shiga ɗakin da yake ajiye igiyoyi ya fito da guduma da kurfi, ƙarfen da yake fasa dutse da shi a ƙasan rijiya. Ya zauna a rumfa ya ɗora kurfin a kan dutsen washi. Goggo Halimatu ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu.

"Ya ba ka izini?"

"Bai ba ni ba."

"Ya hana ka?"

"Ya ce ƙusa ba za ta yi ba."

"Shi ke nan abin da ya ce? Mutum ya yi gwamna shekara huɗu, abin da ya iya faɗi ke nan?"

"Ke dai bar shi, Halimatu. Ya faɗi iyakar abin da ya rage masa."

"Mai bindigar fa? Shi ma ƙusa zai ce maka?"

"Da rana zan yi, a gaban kowa. Zan fara faɗin sunana da na ubana, in ce ni na zana, ba a sa ni ba, rijiyar gwamnati ce. Zan faɗa da Hausa, Aghali ya maimaita da Tamajak, a samo mai faɗa da Fulatanci. Sannan in sa guduma."

"In kuma Haris ya kira jandarma ya ce ka ɓata musu kaya?"

"Sai in faɗa musu abin da na faɗa wa shanu."

"Malam, ba wasa nake ba."

"Ni ma ba wasa nake ba." Ya gwada bakin kurfin da yatsa. "Mutumin nan ya ɗauke ni daga bakin hanya. Na so in saka masa, sai na ɗaura masa abin da za a kashe mutum da sunansa. In aka zubar da jini gobe, ba za a ce Haris ba, Rijiyar Gwamna za a ce. Ni kuma ina nan a rumfa ina lallaɓa ƙafa."

Goggo ta juya. Ta shiga ciki, muka ji tana buɗe-buɗen kwanuka da ƙarfi kamar su suka yi mata laifi. Ta fito da ƙullin dawo da ɗan sukari da goran ruwa, ta tura cikin jakarsa ba ta dube shi ba.

"Ka tsaya ta inda samarin Aghali za su gan ka," in ji ta. "Kada ka ba mai bindigar baya. Kuma kada ka tsaya dogon bayani, na san ka, in ka fara labari sai rana ta faɗi."

"To, ranki ya daɗe."

"Ka ji shi ko. Ni ce ma gwamnar yanzu."

Daga Belbeji zuwa Aduwa Biyu tafiyar yini ce da amalanke. Akwai mai amalanken shanu da ke kai wa makiyaya dusa, yakan tashi daga bakin kasuwa bayan azahar, ya kwana a zango, ya isa da hantsi, daidai lokacin da masu gadi ke buɗe murfi su shayar, daidai lokacin da samarin ke hawa tudu. Baba Jibo ya naɗe guduma da kurfi a tsumma ya sa a jaka. Ya yi alwala ya yi azahar a rumfa, ya daɗe a zaune bayan sallama.

Wajen arewa sama fari fat, ko gajimare ɗaya babu. Wasu ungulaye suna ta kewaya can nesa, ba su sauka ba, ba su kuma tafi ba. Ya tsaya ya dube su, ya rataya jakar a kafaɗa.

"A ba akuyar nan ruwa kafin la'asar," ya ce wa Goggo. "Igiyar da na shanya kuma a shigar da ita, rana tana cin ta."

Ya ɗauki sandarsa ya fita. Ya bi ta bayan masallaci ya nufi bakin kasuwa yana ɗingishi, ƙarafan suna ƙara a cikin jaka duk takun da ya yi.